Wane ne gwarzon gasar Open ta Birtaniya: mai kofi shida ko wanda ya fi shan wuya?

Sarkin_Par:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wata magana da nake so mu baje ta. A gasar golf ta Open, wadda ta girmi duk manyan gasanni huɗu na duniya, ni a ganina babu wata gardama a kan wanda ya fi kowa. Harry Vardon ya ɗauka sau shida: 1896, 1898, 1899, 1903, 1911 da 1914. Yau sama da shekara ɗari ke nan ba a samu wanda ya kamo shi ba. Mutum huɗu sun tsaya a biyar, wato J.H. Taylor da James Braid da Peter Thomson da Tom Watson. Nicklaus uku, Tiger Woods uku. Shida ta fi biyar, lissafi ne. Mai ja ya zo da hujja.

Dan_Kadi_Kaduna:
Wa alaikumus salam. Malam Sarki, shida ta fi biyar a allo, amma su wa ya doke? A zamanin Vardon kusan duk masu shiga 'yan Sikotlan ne da 'yan Ingila. Daga 1894 zuwa 1914 an buga gasar sau 21, shi da Taylor da Braid suka raba 16 a tsakaninsu. Idan mutum uku ke karɓa-karɓa da kofi shekara ashirin, ko dai su ukun aljanu ne, ko kuma taron bai da zurfi. Ni na fi karkata ga na biyun.

Malam_Tarihi:
Kafin a yi nisa, a fara daga tushe, don duk wanda zai kwatanta zamani da zamani sai ya san cewa ba gasa iri ɗaya aka yi ta bugawa ba.

An fara ranar 17 ga Oktoba 1860 a Prestwick, gaɓar yammacin Sikotlan. Dalilin shi ne Allan Robertson na St Andrews, wanda kowa ya sallama wa, ya rasu a 1859, aka rasa wanda za a ce shi ne magaji. Mutum takwas kacal suka buga. Filin rami 12 ne, aka zagaya shi sau uku a yini ɗaya, rami 36 ke nan. Willie Park babba ya gama da bugu 174, ya riga Tom Morris tsoho da bugu biyu, don a golf mai ƙarancin bugu ne ke ci. A 1861 aka ce ƙofa a buɗe take ga kowa, har da 'yan sha'awa waɗanda ba da wasan suke cin abinci ba, daga nan sunan Open ya fito.

Ba kofi ake bayarwa ba a lokacin, ɗamara ce ta jar fata mai kan azurfa. Sharaɗin shi ne wanda ya ci sau uku a jere ta zama tasa. Kuɗin zakara ma sai a 1864 aka fara, fam shida aka ba Tom tsoho. Rami 72 kuwa sai a 1892 a Muirfield. Tankaɗe da rairaya bayan rami 36 ya shigo a 1898.

Bakano_Fatake:
Wannan ɗamarar a littattafansu cewa suke ta fatar Maroko ce. Sanin kowa ne cewa da yawan abin da Turawa ke kira fatar Maroko jar fatar akuyar Sakkwato ce da aka jeme a ƙasar Hausa, fatake suka ƙetare Sahara da ita, Turawa suka saye ta a tashoshin Arewacin Afirka suka laƙaba mata sunan inda suka same ta.

Dan_Kadi_Kaduna:
Bakano ba ya bari a wuce maganar kasuwa. To mun ji.

Hajiya_Links:
Tunda an kawo ɗamara, ni ɗan takarata Tom Morris ƙarami ne, ɗan Tom tsoho. Ya ci a 1868 yana da shekara 17, har yau shi ne mafi ƙuruciya. Ya sake a 1869 da 1870, ya tafi gida da ɗamarar. A 1871 ba a buga ba saboda babu abin da za a ba zakara. Da aka dawo a 1872 ya sake cinyewa. Huɗu a jere, ba wanda ya sake yi.

Ku dubi 1870 da kyau. Bugu 149 a rami 36, ratar bugu 12. Ramin farko na Prestwick yadi 578 ne, ya gama shi da bugu uku. Da me? Sanda mai ƙotar itacen hikori da ƙwallon gatafaca, wato daskararren ƙaron itace da ake kawowa daga yankin Malaya, wanda ba ya tashi sama kamar na yanzu kuma yana iya tsagewa in sanyi ya yi yawa. Ya rasu ranar Kirsimetin 1875 yana da shekara 24, 'yan watanni bayan matarsa ta rasu wurin haihuwa. Da ya yi tsawon rai, Malam Sarki, ba na jin shidan Vardon za ta zama abin magana.

Yaro_Mai_Direba:
Kenan shi aka fara miƙa wa butar azurfar da ake ba zakara yanzu?

Malam_Tarihi:
A'a ɗana, nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Sunansa ne na farko a jikin butar, na 1872, amma lokacin ba a gama ƙera ta ba, lambar yabo aka ba shi. Wanda ya fara riƙe butar, wato Claret Jug, a hannu shi ne Tom Kidd a 1873, karon farko da aka buga a St Andrews. Kulob uku suka haɗa fam goma-goma suka saya: Prestwick, da Royal and Ancient na St Andrews, da Honourable Company na Edinburgh da ke buga wasansu a Musselburgh a lokacin. Shi ya sa aka koma zagayawa tsakanin filayen uku. Ta asalin tana ajiye a St Andrews tun bayan nasarar Bobby Jones ta 1927. Daga 1928 kwafi ake ba zakara, ya riƙe shekara guda ya maido, a ba shi wata ya ajiye.

Sarkin_Par:
Hajiya, da girmamawa, "da ya yi tsawon rai" ba hujja ba ce. Kuma in Dan Kadi ya ce taron Vardon bai da zurfi, me za a ce da na Tom ƙarami da masu shiga ba su wuce ashirin ba, kuma ɗaya daga cikin manyan abokan hamayyarsa mahaifinsa ne? Vardon dai ya buga rami 72, ya kuma ci da ƙwallo iri biyu. Ukun farko da gatafaca. A 1902 Sandy Herd ya ci a Hoylake da sabon ƙwallon Haskell mai zaren roba a ciki, wanda ya fi nisa, kowa ya koma kansa. Vardon ya sake cin uku da shi. Bayan haka tarin fuka ya kama shi a 1903, ya yi jinya mai tsawo, hannunsa ya riƙa rawa a gajeren bugu kusa da rami, amma duk da haka ya dawo ya ci 1911 da 1914. A 1911 Arnaud Massy na Faransa ya sallama masa a rami na 35 na wasan raba gardama. Riƙon sandar da yawancin ƙwararru ke yi yau, ƙaramin yatsan dama ya hau kan manunin hagu, da sunansa ake kiransa.

Ayan_Bakwai:
Ni Watson. Ga dalili, kuma ba na ƙirga kawai ba ne.

Biyar ɗinsa a filaye biyar daban-daban ne cikin shekara tara: Carnoustie 1975, Turnberry 1977, Muirfield 1980, Troon 1982, Birkdale 1983. A gabansa akwai Nicklaus, Trevino, Player, Ballesteros, Miller. A Turnberry shi da Nicklaus sun buga 68 da 70 a zagaye biyun farko, suka haɗu a rukuni ɗaya, duk suka buga 65 a na uku. Ranar ƙarshe Watson 65, Nicklaus 66. Jimla 268 da 269. Na uku, Hubert Green, yana 279, bugu goma bayan Nicklaus. Wannan ba cin gasa ba ne a bayan idon manya.

Sai 2009, yana da shekara 59, a wannan filin dai. Par kawai yake nema a ramin ƙarshe, wato adadin bugun da aka ƙayyade wa ramin, ya kamo Vardon. Ya ɗauki ayan takwas, wato sandar ƙarfe mai lamba takwas, bugun ya fita daidai, amma ƙwallon ya sauka a wuri mai tauri a gaban girin, wato askakkiyar ciyawar da ke kewaye da rami, ya gangare ta baya. Daga can ya zaɓi ya tura da fota, sandar tura ƙwallo a ƙasa, maimakon ya ɗaga, ƙwallon ya wuce rami da kamar ƙafa takwas, ya kuskure na dawowa. Stewart Cink ya doke shi a rami huɗu na raba gardama, ƙafafu sun riga sun gaji.

Hajiya_Links:
Ayan Bakwai, ka manta abu ɗaya: bai taɓa ci a St Andrews ba. A 1984 yana kunnen doki da Ballesteros, ya zo rami na 17, ya ɗauki ayan biyu, ƙwallon ya tsallake girin ya ƙetare titi ya tsaya dab da katangar dutse, ba wurin ja da sanda baya. Ya rasa bugu ɗaya, Seve Ballesteros kuma ya ci ɗaya ƙasa da par a na 18. Shi ke nan.

Injiniya_Girin:
Ramin nan na 17 ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ke nuna yadda filayen gaɓar teku ke kama mutum. Bugun farko ana yin sa ne ta saman kusurwar otal, ba ka ganin inda ƙwallo zai sauka. Girin ɗin dogo ne siriri, a karkace yake. Hagunsa ramin yashi mai zurfi da bango a tsaye, wanda ake ginawa da yankakkun ciyawa ana jera su kamar tubali. Bayansa titi da katanga, kuma titin cikin wasa yake, inda ƙwallo ya tsaya nan za ka buga. In ka ji tsoron yashi ka ƙara ƙarfi, titi. In ka ji tsoron titi ka rage, gangaren da ke gaban girin zai ja ƙwallon ya zuba shi a yashi.

A 1978 Tommy Nakajima na Japan ya hau girin da bugu biyu lafiya lau, ya tura ƙwallon, gangare ya kai shi cikin yashin, sai da ya yi bugu huɗu kafin ya fito, ya tashi da tara. David Duval ma huɗu ya yi a ciki a 2000. Kuskuren ɗaya ne kullum: mutum yana son ya fito ya kuma tsaya kusa da tuta. Abin da ya dace in bango ya yi kusa shi ne a buɗe fuskar sanda sosai a fita ta gefe ko ma ta baya, a karɓi asarar bugu ɗaya. Tun dokokin 2019 ma ana iya ɗauke ƙwallon a fitar da shi bayan ramin yashin a kan tarar bugu biyu. Thomas Bjørn a Sandwich a 2003 yana kan gaba da bugu biyu a rami na 16, ya yi uku a yashi saboda ƙwallon yana hawa gangare yana dawo masa ƙafa. Ben Curtis, na 396 a jerin duniya, ya tafi da butar.

Tiger_Har_Abada:
To shi ya sa nake cewa Woods. Tsohon filin St Andrews yana da ramin yashi 112. A 2000 ya buga rami 72 bai faɗa ko ɗaya ba, ya gama da 19 ƙasa da par, ratar bugu takwas. A 2006 a Hoylake rana ta ƙone ciyawa, ƙasa ta yi tauri kamar daɓe, sau ɗaya tak ya zaro direba, sandar bugun nesa, a duk kwana huɗun. Ayan yake bugawa daga ti, wato wurin bugun farko, ƙwallon ya sauka kafin ramukan yashi ya gangara, ya yarda bugunsa na biyu ya yi tsawo. 18 ƙasa da par. Wannan lissafi ne, ba ƙarfi ba.

Dan_Kadi_Kaduna:
Amma ka faɗi 2002 ma. Muirfield, ranar Asabar, iska da ruwa suka sauko daidai lokacin da ya fito, ya buga 81. Ya zo da kofin Masters da na US Open a hannu a shekarar, nan mafarkin haɗa huɗun ya mutu.

Injiniya_Girin:
Wannan ba laifinsa ba ne kaɗai, tsarin gasar ne. Mutum 156 ke farawa, kuma kowa daga ramin farko yake tashi, ba a raba su gida biyu kamar yadda ake yi a Amurka. Rukunin farko na fita wajen ƙarfe shida da rabi na safe, na ƙarshe bayan ƙarfe huɗu na yamma, tunda rana ba ta faɗuwa da wuri a can cikin Yuli. A gaɓar teku yanayi na juyawa cikin awa biyu. Wanda ya fita da safe Alhamis zai fita da yamma Juma'a, don a daidaita, amma wani lokaci rabin taron ne ke shan iskar duka kwana biyun. McIlroy a 2010 ya buga 63 ranar farko, washegari iska ta taso har aka dakatar da wasa don ƙwallo na motsi a kan girin, ya buga 80. Louis Oosthuizen ya riga ya gama nasa da safe. Shi ya sa kuma ba a aske girin ɗin Open ƙasa-ƙasa kamar na Augusta, filin gasar Masters, in aka yi haka iska za ta kwashe ƙwallon da ke ajiye.

Saboda haka cin wannan gasa sau biyar ko shida ya fi wuya a kan yadda alƙaluma ke nunawa, a kowane zamani.

Alhaji_Ostireliya:
An yi ta magana an tsallake Peter Thomson. Shi kaɗai ne ya ci uku a jere a ƙarni na 20: 1954, 1955, 1956. A 1957 ya zo na biyu, 1958 ya sake ci. Daga 1952 zuwa 1958 bai taɓa sauka ƙasa da na biyu ba.

Ayan_Bakwai:
Alhaji, ranka ya daɗe, a shekarun nan Amurkawa ba sa zuwa.

Alhaji_Ostireliya:
Gaskiya ne, kuma akwai dalili. Na farko kuɗi: Sam Snead ya ci a 1946 aka ba shi fam 150, bai ko maida kuɗin tafiya ba. Na biyu, kowa sai ya buga wasan share fage na rami 36 kafin ya shiga, har da mai riƙe da kofi, sai a 1963 aka fara ɗauke wa manya. Wa zai ƙetare teku alhali yana iya komawa bai buga ba? Na uku, lokacin yakan ci karo da gasar PGA ta Amurka. Ben Hogan ya zo sau ɗaya a rayuwarsa, 1953 a Carnoustie, ya buga 73, 71, 70, 68 ya ci da ratar huɗu, kuma zuwan ne ya hana shi buga PGA a shekarar da ya ci Masters da US Open. Na huɗu ƙwallo: na Birtaniya faɗinsa inci 1.62 ne, na Amurka 1.68. Ƙaramin ya fi ratsa iska, sai mutum ya sake koyon nisan kowace sanda. Sai a 1974 aka tilasta babban a Open.

Arnold Palmer ne ya dawo da su. Ya zo 1960, Kel Nagle ya riga shi da bugu ɗaya, ya dawo ya ci 1961 da 1962. To a 1965 a Birkdale, Palmer na nan, Nicklaus na nan, Tony Lema mai riƙe da kofi na nan, Thomson ya doke su duka ya cika biyar. Wannan ce amsar masu cewa a bayan ido ya ci.

Yaro_Mai_Direba:
'Yan Afirka fa? Ko ba mu taɓa ci ba?

Hajiya_Links:
Sau 11. Bobby Locke na Afirka ta Kudu huɗu: 1949, 1950, 1952, 1957. Gary Player uku, 1959, 1968 da 1974, kowace a cikin goman shekaru daban. Nick Price na Zimbabuwe 1994. Ernie Els 2002 da 2012. Oosthuizen 2010 da ratar bakwai, ranar 18 ga Yuli, ranar haihuwar Mandela.

Na Locke na farko akwai abin tausayi a ciki. Harry Bradshaw na Ailan ya tarar da ƙwallonsa a cikin fasasshiyar kwalba a zagaye na biyu. Bai jira alƙalin wasa ba, ya rufe ido ya daki kwalbar, ƙwallon ya ɗan matsa kaɗan, ya rasa bugu. Suka yi kunnen doki da Locke a ƙarshe, Locke ya ci a raba gardama.

Tsohon_Ikoyi:
Najeriya ma tana da ɗan hannu a tarihin wasu zakarun. A shekarun 1970 da 1980 ƙwararrun Turai kan gudo wa sanyi su zo zagayen Safari, su buga a Najeriya da Kenya da Zambiya da Kwaddibuwa. Gasar Nigerian Open a Ikoyi, Legas, ita ce nasarar farko ta Sandy Lyle a matsayin ƙwararre, a 1978, kuma shi ya ɗauki Open a Sandwich a 1985, Biritaniye na farko tun Tony Jacklin a 1969. Lee Elder ya ci ta a 1971, Vijay Singh a 1988. Peter Tupling ya buga 255 a can a 1981, bugu 29 ƙasa da par. A lokacin ba girin ɗin ciyawa ba ne, yashi ne da ake cakuɗawa da mai a daddaɓe, a share layin ƙwallo kafin a tura. Ba ya karkacewa sosai, shi ya sa alƙaluman ke sauka haka.

Sarkin_Par:
Madalla da wannan, amma an bar tambayata a hanya. Har yanzu ba wanda ya kawo mai bakwai.

Lauyan_Doka:
Malam Sarki, a wannan gasa ratar da ke tsakanin biyar da shida, ko tsakanin ɗaya da babu, sau da yawa ba ta wuce ganganci na minti ɗaya ba. Nicklaus ya zo na biyu sau bakwai. Ɗaya daga ukun da ya ci ma kyauta ce: 1970, Doug Sanders ya kuskure turin kamar ƙafa uku da zai ba shi nasara a ramin ƙarshe, bayan ya sunkuya ya cire wani abu a layin bai sake tsayuwa daga farko ba.

Ian Woosnam a Lytham, 2001, yana cikin na gaba ranar ƙarshe. Doka ta ce sanda 14 a jaka, kowane rami da aka buga da ƙari tarar bugu biyu, iyaka huɗu. Ya gwada direba biyu a wurin atisaye, kadinsa, wato mai ɗaukar masa jaka, bai cire ɗaya ba. Ramin farko na Lytham par uku ne, ba a buƙatar direba, don haka ba wanda ya duba sai a ti na biyu. Sanda 15, bugu biyu suka tafi. Mark Roe a 2003 ya buga 67 ranar Asabar, amma shi da Jesper Parnevik sun manta ba su yi musayar katin maki ba a farko, kowa ya sa hannu a katin da ke ɗauke da makin ɗan'uwansa, aka kore su duka biyun. Daga baya aka sassauta wannan dokar.

Dan_Kadi_Kaduna:
Lauya, ai ka bar babban. Jean van de Velde, Carnoustie, 1999. Yana gaba da bugu uku a ti na 18, ko shida ya yi ya ci. Rafin Barry ya ratsa ramin, yana kuma kwance a gaban girin. Abin da kowane kadi zai faɗa masa: ayan daga ti, ayan gajere a ajiye kafin rafi, weji, sandar gajeren bugu mai ɗaga ƙwallo, zuwa girin, turi biyu, biyar ke nan. Sai ya zaro direba, ƙwallon ya tafi dama can wajen rami na 17, Allah ya taimake shi bai shiga ruwa ba. Maimakon ya gode ya ajiye, ya ɗauki ayan biyu ya nufi girin. Ƙwallon ya daki ƙarfen rumfar 'yan kallo ya dawo baya cikin doguwar ciyawa. Na uku ciyawa ta riƙe sandar, ya faɗa rafi. Ya cire takalmi ya shiga yana tunanin bugawa daga ruwa, ƙwallon na ƙara nitsewa, ya haƙura ya ɗauki tara. Na biyar yashi. Na shida ya fito, ya tura na bakwai ya shiga. Paul Lawrie, wanda ya fara ranar yana baya da bugu goma, ya ci raba gardama tsakanin su uku, shi da Van de Velde da Justin Leonard. Jimlar zakara a shekarar shida ce sama da par.

Ayan_Bakwai:
A yi masa adalci, bugu na biyun da rumfa yake nufi ko kusa da ita, da ƙwallon ya tsaya a cikin rumfar da an ba shi ajiya kyauta. Ƙarfe siriri ya daka. Kuskuren na ainihi direba ne.

Malam_Tarihi:
Wani ma'aunin da ba a taɓo ba shi ne kashi nawa mutum ya ci cikin zuwansa. Bobby Jones ya shiga sau huɗu ya ci uku: 1926, 1927, 1930, kuma bai karɓi ko sisi ba don ɗan sha'awa ne. Zuwansa na farko a 1921 ya fusata a St Andrews ya ɗauke ƙwallonsa a zagaye na uku. Shi ne ɗan sha'awa na ƙarshe da ya ci. Kafin shi John Ball a 1890, wanda kuma shi ne farkon wanda ba ɗan Sikotlan ba, sai Harold Hilton a 1892 da 1897. Walter Hagen, haifaffen Amurka na farko da ya ci, yana da huɗu cikin shekarun 1920, a zamanin da ba a barin ƙwararre ya shiga ɗakin kulob, sai ya yi hayar mota ya ajiye ta a ƙofar yana sauya takalmi a ciki.

Vardon kuma yaƙi ya tsaya masa: ba a buga ba daga 1915 zuwa 1919. Haka 1940 zuwa 1945, wanda ya cinye wa Henry Cotton shekarunsa mafi kyau tsakanin 1937 da 1948. Sai 2020 saboda korona.

Tiger_Har_Abada:
A yanzu kam ko biyu a jere ta gagara. Padraig Harrington ne na ƙarshe, 2007 da 2008. Daga 2013 zuwa 2025 kowace shekara sabon suna: Mickelson, McIlroy, Zach Johnson, Stenson, Spieth, Molinari, Lowry, Morikawa, Cameron Smith, Harman, Schauffele, sai Scheffler a Portrush a 2025. Mutum 12, ba mai maimaici. A irin wannan taron ukun Woods ta kai shidan Vardon nauyi.

Hajiya_Links:
In wasa ɗaya ake nema ba tarin kofi ba, Henrik Stenson a Troon 2016 ya shiga layin Turnberry. Mickelson ya buga 65 ranar ƙarshe ba tare da ya rasa bugu a ko rami ɗaya ba, amma ya sha kaye da uku, don Stenson 63 ya buga. Jimla 264, ba a taɓa yin ƙasa da haka a gasar ba. Na uku yana bayan Mickelson da bugu 11.

Sarkin_Par:
Tiger Har Abada, in uku na iya zama shida saboda taro ya yi zurfi, to Faldo ma mai shida ne, Seve ma, Nicklaus ma, Player ma. Ina za a tsaya? Kowa da abokan zamaninsa yake karawa, da kayan zamaninsa. A ba Scheffler sandar hikori da gatafaca, a sa masa kwat da taye, ya buga rami 36 a yini, kwana biyu a jere, a kan girin da tumaki suka yi wa aski.

Injiniya_Girin:
Rami 36 a ranar ƙarshe ma bai tsaya a zamanin Vardon ba, har 1965 haka ake yi, ranar Juma'a, don ƙwararrun Birtaniya su koma shagunansu na kulob su sallami membobi a ƙarshen mako. Thomson duk biyar ɗinsa a haka ya ci su. A 1966 aka baje ta kwana huɗu, a 1980 aka fara gamawa ranar Lahadi.

Alhaji_Ostireliya:
To ka gani. A ƙara wannan a awon Thomson.

Dan_Kadi_Kaduna:
Alhaji ya samu abin da yake nema. Malam Sarki, ni dai ina nan a kan Watson, da sharaɗin a ƙirga 2009 rabi.

Sarkin_Par:
Biyar da rabi ke nan, har yanzu da saura.